Tsakanin Shahadar Makaranta da Gwaninta: Sharhi a kan Renon Matasan Masu Zane

Daga cikin mas'alolin da ba kasafai ake ɗauko su a majalisun masu ilmi na ƙasarmu ba, ko da yake sun cancanci bahasi mai tsawo, akwai mas'alar abin da ke samun saurayi ko budurwar da Allah ya hore wa baiwar zane, ko sassaƙa, ko ginin tukwane, ko ɗaukar hoto, a cikin 'yan shekarun farko bayan barin makaranta. Domin kuwa a wannan taƙi ne, lokacin da ba shi da malami a kansa kuma bai yi suna a gari ba, ake yin asarar masu baiwa da yawa, ba don baiwar ta ƙare ba, sai don an rasa inda za a ajiye ta. A makaranta yana da ɗakin aiki, yana da abokai masu leƙa abin da yake yi, yana da malamin da zai tsaya a bayansa ya ce wannan ya yi, wancan bai yi ba, kuma yana da wa'adin da aka yanka masa wanda ke tilasta shi ya gama abin da ya soma. Ranar da ya karɓi shahada ya gama bautar ƙasa, duk waɗannan sai su yanke a lokaci guda. Ga tsadar fenti da ƙyallen zane, ga rashin ɗaki, ga iyaye suna jiran a fara kawo cefane. Sannu a hankali sai ka same shi yana rubuta allunan shaguna, ko tsara fostar 'yan siyasa a kwamfuta, ko koyarwa a sakandare, waɗanda dukansu sana'o'i ne na halal, amma ba su ne abin da ya sha wahalar shekara huɗu dominsa ba.

Masu lura da wannan fanni a ƙasashe daban-daban sun samo magunguna iri biyu ga wannan ciwo. Na farko shi ne shirin horo bayan makaranta, wanda wani lokaci zaman bita ne na mako biyu, wani lokaci kuma zaman baƙunci ne, inda za a ba matashi masauki da ɗakin aiki da ɗan guzuri na wata ɗaya ko uku ya yi aikinsa ba da tunanin abinci ba, wani lokaci kuwa haɗa shi ake yi da wani gwani ya yi masa ja-gora. Na biyu shi ne nunin taro, watau a tara ayyukan matasa da yawa a zaure guda a kira jama'a su zo su gani. Ra'ayina, wanda shi ne ginshiƙin wannan sharhi, shi ne cewa waɗannan biyun asalinsu ɗaya ne, kuma fa'idarsu ta haƙiƙa ba takardar da ake bayarwa a ƙarshe ba ce, ba kuma cinikin da ake yi ranar buɗewa ba. Fa'idarsu ita ce suhba, zama tare da tsara da na gaba, wanda a cikinsa ake gyara ido, ake horar da harshe, ake koyon ɗaukar suka.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Malamanmu na da ba su yarda ilmi yana samuwa daga takarda kaɗai ba, sai da mulazamar shehi, har ijazar da suke bayarwa ma ƙimarta tana cikin silsilar waɗanda aka zauna da su ne. Haka masu sana'a: yaron da ya tashi a hannun magina a Zazzau, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'arsa a ƙarni na 19, ko a hannun marina a Ƙofar Mata ta Kano, ba kwaɓa ƙasa ko haɗa baba kaɗai yake koya ba, yana ganin yadda maigidansa ke karɓar mai aiki, yadda yake yanka farashi, yadda yake ba da haƙuri in an sami jinkiri, kuma ranar da ya tsaya da ƙafarsa ya riga ya san masu saye sun kuma san shi. Jami'a ta zo ta ɗauki rabin wannan tarbiyya, watau aikin hannu da nazari, ta kyautata shi, ta bar rabin da ya shafi mu'amala. Shirye-shiryen da muke magana a kansu yunƙuri ne na mayar da rabin da aka yar.

Babbar hujjar da zan kafa a kan wannan tana Zariya. A 1955 aka mayar da sashen koyar da zane na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya daga Ibadan zuwa Zariya, kwalejin da daga baya, a 1962, ta zama tushen Jami'ar Ahmadu Bello. Malaman sashen galibi Turawan Ingila ne, manhajar kuma irin ta ƙasarsu ce. A 1958 sai wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, wanda ya yi ƙuruciyarsa a Kafanchan, da Demas Nwoko, da Bruce Onobrakpeya, da Yusuf Grillo, da Simon Okeke, da Oseloka Osadebe, suka kafa ƙungiya tasu ta kansu, suna haɗuwa bayan darasi suna muhawara a kan tambaya guda: shin mai zanen ƙasar da ke gab da samun mulkin kai, da wane ido zai dubi duniya? Matsayar da suka cimma ita ce kowannensu ya koma ya binciki abin da ya gada, a lokacin hutu ya zauna da tsofaffin garinsu, sa'an nan ya haɗa shi da dabarun da ya koya a aji, haɗin da ba tilas a cikinsa. Uche Okeke ya koma ga zanen uli da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya ya koma ga tatsuniyoyin Urhobo, Grillo kuwa ga rayuwar Yarabawan Legas. Ƙungiyar ba ta wuce 1961 ba, ba ta da ofis, ba ta ba kowa shahada ba. Amma da ɗaliban suka watse, Uche Okeke ya je ya ja ragamar sashen zane a Nsukka, Grillo a kwalejin Yaba, har ya zama da wuya a ba da tarihin zanen zamani a Nijeriya ba tare da an faro daga wannan halƙa ta samari ba. In da shiri na nufin kuɗi da gini, da ba a lissafa su ba.

Abin da ya fitar da su ga idon jama'a kuwa nuni ne: na bikin samun mulkin kai a Legas a 1960, sa'an nan kulob ɗin Mbari da aka buɗe a Ibadan a 1961, inda marubuta irin su Wole Soyinka da Christopher Okigbo suke zama da masu zane a farfajiya guda. A Mbari ɗin ne aka nuna ayyukan Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda labarinsa ya kamata kowane matashinmu ya sani. An haife shi a Omdurman a 1930, mahaifinsa malami ne na addini. Ya yi karatu a makarantar Slade ta Landan, ya komo gida da ƙwarewar Turawa, ya yi nuni a Khartoum, sai ya ga mutanensa ba su sami abin da ya shafe su a ciki ba. Wannan sanyin karɓa shi ya mayar da shi ga harafin Larabci da adon allo da ƙwarya da ya tashi yana gani, ya fasa haruffan ya fitar da siffofi daga cikinsu, har a 2013 gidan Tate Modern na Landan ya keɓe masa nunin ayyukan rayuwarsa. Da ya ajiye zanensa a ɗaki yana jiran ya cika gwani kafin ya nuna, da bai sami wannan darasi ba. Jama'ar da suka zo suka wuce ba su ce kome ba, su ne suka karantar da shi.

Sai dai kuma tun wancan zamani aka ga illar da ke biye da irin wannan reno, watau rinjayen mai reno. A Oshogbo, inda Ulli Beier da Duro Ladipo suka buɗe Mbari Mbayo a 1962, Georgina Beier ta gudanar da bita ta 'yan kwanaki a 1964 ga samarin da ba su yi makarantar zane ba, daga ciki aka sami Twins Seven-Seven da Muraina Oyelami da Jimoh Buraimoh, waɗanda suka yi suna har ƙasashen waje; amma waɗanda suka fito daga jami'a sun daɗe suna sukar cewa an sa su a tafarkin da ke daɗaɗa wa baƙi ne. Mu ma muna da namu misalin a garin Abuja ta da, wadda yanzu ake kira Suleja, inda Michael Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a farkon shekarun 1950. Ladi Kwali ta shiga cibiyar a 1954, ita ce mace ta farko, alhali ta riga ta gwanance tun a ƙauye, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye tulunanta a fadarsa. Cibiyar ta ba ta sabon yumɓu da wuta mai zafi da ƙyalli, ta kai aikinta Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ga hotonta a bayan naira ashirin. Amma tulun da aka yi wa ƙyalli ya yi nauyi, ya daina sanyaya ruwa, ya tashi daga tsakar gida ya koma kan teburin mai kuɗi. Ban ce an cuce ta ba, domin ita kanta ta riƙe zanen ƙadangare da kunama da kifi da ta gada, ba ta saki ba. Abin da nake cewa shi ne babu renon da ba ya canza wanda aka rena, saboda haka wajibi ne a riƙa tambayar ina aka nufa da shi.

Wasu sun nemi kauce wa wannan ta hanyar cire malami gaba ɗaya. A 1982 Anthony Caro, masassaƙin Ingila, tare da Robert Loder suka soma bitar Triangle a Amurka, inda masu zane ke zama mako biyu kowa na aikinsa a gaban kowa, babu darasi babu jarrabawa. Salon ya isa Afirka ta Kudu a 1985 da sunan Thupelo, lokacin da wariyar launin fata ta hana baƙar fata yawancin makarantun zane. Onobrakpeya, wanda bai manta da Zariya ba, ya kafa tasa bitar ta lokacin hunturu a Agbarha-Otor ta Jihar Delta a 1998, inda farfesa da ɗalibi da wanda bai taɓa shiga aji ba suke cin abinci tare. Marigayiya Bisi Silva kuwa, wadda ta buɗe cibiyar zanen zamani a Yaba a 2007, ta lura cewa abin da ya fi ƙaranci ga matasan Afirka ba ƙwarewar hannu ba ne, nazari ne da sanin tarihi da iya kare ra'ayi. Don haka a 2010 ta soma makarantar Asiko, ta kimanin wata guda, wadda ta yi ta ƙaura daga Legas zuwa Akara, da Dakar, da Maputo, da Addis Ababa, kafin rasuwarta a 2019. A ganina ita ce ta fi kowa gane inda ciwon yake.

Shirye-shiryen wannan zamani, irin na gidan nuni na Rele a Legas, wanda tun 2016 yake zaɓen 'yan matasa kowace shekara ya horar da su ya yi musu nuni tare, ko kyautar da ke tafe da kasuwar ART X da aka soma ita ma a 2016, ko gasar Life In My City ta Inugu da ke gudana tun 2007, sun ƙara wani babi da na da ba su kula da shi ba, watau ilmin mu'amala. Ana koya wa matashi yadda zai ɗauki hoton aikinsa da kyau, yadda zai tsara kundin ayyukansa, yadda zai rubuta bayanin manufarsa a shafi guda, yadda zai sa farashi kada ya hau yau ya faɗi gobe, da yadda zai karanta yarjejeniya kafin ya sa hannu. Ana sanar da shi cewa al'adar gidajen nuni ita ce su ɗauki la'ada da takan kai rabin kuɗin, cewa sayar da zane ba sayar da haƙƙin buga hotonsa ba ne, kuma kada ya bar aikinsa a hannun kowa sai da takardar da ta faɗi ranar mayarwa da wanda zai biya in ya lalace. Wanda ya taɓa ganin yaro ya kai zane goma wurin nuni, aka sayar da uku, aka yi ta yi masa gobe-jibi har ya gaji ya bari, ba zai raina wannan babi ba. Shari'a ma ta umarci a rubuta bashi, ƙarami ne ko babba.

Amma a nan ma akwai abin tsoro, kuma ya fi na zamanin Oshogbo ƙarfi. Da yake takardun neman shiga da Turanci ake cika su, alƙalan zaɓe kuma sun saba da wasu kalmomi da ke yawo a manyan nune-nunen duniya, sai matasa suka koyi haddace kalmomin, har ka karanta bayani ashirin ka rantse mutum ɗaya ya rubuta su. Mai iya tsara magana ya wuce, mai iya aiki da ba shi da lafazi ya zauna. Kasuwa kuma tana da nata gaggawar. A watan Fabrairu na 2020 aka yi gwanjon wani zanen Amoako Boafo na Gana a Landan a kan fam 675,000, ninkin-ba-ninkin abin da aka ƙiyasta, kuma ribar ta tafi ga wanda ya saya ya sake sayarwa ne. Bayan haka sai ga samari da yawa a Akara da Legas sun karkata ga irin salonsa, hoton mutum baƙi a gaban launi mai haske, domin shi dillalai ke nema. Shirin da ya ɗauki matashi yana da shekara ashirin da 'yan kai, ya tura shi kasuwa kafin ya san abin da yake son faɗa, bai rene shi ba, girbe shi ya yi ɗanye.

Nunin taro shi ma iri biyu ne, ko da yake daga ƙofa kamanninsu ɗaya. Akwai wanda ake tara duk abin da aka kawo a rataye bango ya cika, wani lokaci ma sai matashi ya biya kuɗin bangon, a gayyato babban baƙo ya yanke ƙyalle, a ɗauki hoto, a watse. Wannan biki ne, amfaninsa kaɗan. Akwai kuma wanda mai tsarawa ya ziyarci kowane mai zane a ɗakinsa, ya zaɓi biyu ya bar takwas ya faɗi dalili, ya jera ayyukan yadda wannan zai yi magana da wancan, ya buga ɗan littafi mai sunaye da hotuna da tarihi. A irin wannan ne matashi ke ganin aikinsa a karon farko daga nesa, kusa da na tsaransa, ya gane da kansa abin da babu malamin da zai iya gaya masa. Kuma baƙon da ya zo domin wani sai ya tafi da sunan wani. Littafin nan da ake rainawa shi ne abin da ke saura bayan an sauke zanen, shi mai bincike zai tarar bayan shekara talatin.

To, ina mu a cikin wannan duka? Abin da ke damuna shi ne, Zariya, garin da ya haifi wannan harka, har yanzu yana yaye ɗalibai, sashen da marigayi Gani Odutokun da Jerry Buhari suka koyar a cikinsa bai mutu ba, amma matakin da ke bayan makaranta kusan duk yana Legas, kaɗan a Abuja. Wanda ya gama a Zariya ko Maiduguri, ko dai ya yi ƙaura ko ya haƙura. Akan ce addini ne ya hana. Gaskiya ne malamai sun yi magana mai nauyi a kan sura, kuma abin da ya shahara a mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan cikakken mutum-mutumin mai rai wanda ke da inuwa, zanen da ke shimfiɗe kuwa hukuncinsa bai kai nan ba, ko da yake wasu malaman sun tsananta. Wannan bahasi na ma'abotansa ne, kuma mai tsara nuni a Kano wajibi ne ya san shi ya girmama shi. Amma ko da an ɗauki ra'ayi mafi tsanani, filin da ya saura yana da faɗi ƙwarai: zayyanar allo da ta Alƙur'ani, adon bangon gidajen Zazzau da Damagaram, aska takwas a gaban riga, dagi, aikin fata da na ƙwarya. A 1976 David Heathcote, wanda ya koyar a Zariya, ya tara irin waɗannan ya nuna su a Landan. A 1986 masallacin Yama na ƙasar Nijar, wanda Falke Barmu ya gina da ƙasa, ya sami kyautar Aga Khan ta gine-gine. Al'ummar da ke da wannan gado ba ta rasa ido ba, wurin haɗuwa ta rasa, da attajirin da zai ga cewa ɗaukar nauyin ɗakin aiki ga matasa goma shi ma alheri ne.

Misalin da ya fi kusa da halinmu yana arewacin Gana. Ibrahim Mahama ya fito daga jami'ar Kumasi, inda malamai da ɗalibai suka saba fitar da nunin ƙarshen shekara daga harabar makaranta zuwa cikin gari. Ya yi suna da tsofaffin buhunan koko da gawayi da yake ɗinkewa ya lulluɓe gine-gine, har a babban nunin Fenis na 2015. Da kuɗi suka zo, sai ya koma Tamale, garin da ke nesa da Akara kamar yadda muke nesa da Legas, ya buɗe cibiyar nuni a 2019, ya ƙara da wani babban wurin aiki inda ya ajiye tsofaffin jiragen sama yara suna karatu a ciki, shiga kuma kyauta. Bai jira masu saye su samu a garin ba tukuna. Ya fara da 'yan makaranta.

Abin da nake ganin za mu iya, ba tare da jiran gwamnati ko baƙo ba, bai kai wannan girma ba. A sami zaure guda a Kano ko Zariya, ko a Gidan Makama ne ko a Gidan Ɗan Hausa, a yanka wata guda a kowace shekara wanda ba ya sauyawa. A zaɓi matasa goma ko goma sha biyu, maza da mata, daga Sakkwato har Maraɗi, a karɓi bayaninsu da Hausa ko da baki in sun fi iyawa haka, a haɗa wanda ya fito jami'a da mai zayyana da maɗinkin riga. Su zauna mako uku tare da gwanaye biyu da za su faɗa musu gaskiya, a yi zama ɗaya da lauya a kan yarjejeniya, sa'an nan a buɗe ƙofa ga jama'a, a kawo 'yan firamare da na Islamiyya. A buga littafin nunin da Hausa da Turanci, a kai kwafi ɗakin karatu na Kashim Ibrahim da Gidan Arewa a Kaduna, kuma duk aikin da ba a saya ba a mayar wa mai shi cikin mako biyu, kuɗin mota a kan masu shiri.